Ciyawar Filin Golf Bayan Mugun Hunturu: Abin Da Ke Kashe Ta Da Abin Da Ke Jinkirta Farfaɗowarta

A ƙarshen watan Maris na 2014, lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa a filayen golf na jihar Mishigan ta Amurka da kudancin lardin Ontariyo na Kanada, masu kula da filayen da dama sun san abin da za su tarar tun kafin ido ya gani. Hanci ne ya fara ba su labari. Duk inda suka fasa ƙanƙarar da ta lulluɓe farfajiyar rami, wato ciyawar da ke kewaye da ramin ƙwallo, sai wani wari mai tsami ya taso, warin ciyawar da ta ruɓe a wurin da babu iska. Da ƙasa ta bayyana sai ga farfajiyoyi sun koma launin kara, wasu rabi, wasu gaba ɗaya.

Hunturun 2013 zuwa 2014 ba irin wanda aka saba ba ne a wannan yanki. A ranakun 21 da 22 ga Disamba 2013 an yi ruwan sama mai daskarewa da zarar ya taɓa ƙasa a Toronto da kewayenta, har dubban ɗaruruwan gidaje suka rasa wutar lantarki. A farkon Janairu sanyi ya tsananta, sai aka ɗan sami sassauci na 'yan kwanaki, dusar ƙanƙara ta narke, ruwa ya kwanta, sannan sanyin ya dawo ya daskarar da shi. A birnin Ditiroit dusar ƙanƙarar da ta sauka a wannan hunturu ta kai kusan santimita 240, ta zarce adadin da aka rubuta tun hunturun 1880 zuwa 1881. A farkon Maris fiye da kashi 90 cikin 100 na fuskar Manyan Tafkunan yankin a daskare yake. Ciyawar da ke ƙarƙashin wannan duka ta shafe wata biyu zuwa uku ba ta shaƙi iska ba.

Ga wanda bai san wasan ba, farfajiyar rami ita ce ɗan filin nan mai laushi da ke kewaye da ramin da ake jefa ƙwallo. Ana aske ciyawarta har ta koma kamar milimita 3, domin ƙwallo ta gangara sumul. Ita ce wuri mafi tsada a filin, kuma a kanta 'yan wasa suke yanke wa filin hukunci. Idan ciyawar doguwar hanya, wato filin da ke tsakanin wurin fara bugu da farfajiya, ta lalace ana iya lallaɓawa a yi wasa. Idan farfajiya ta mutu, wasa ya tsaya.

Mutane sukan ce sanyi ne ya kashe ciyawa, amma a arewacin Amurka da Kanada da ƙasashen Nowe da Suwidin da Finlan, tsananin sanyi shi kaɗai bai cika yin kisan ba. Ran ciyawa yana gindinta, wato ɗan wurin da ganye da saiwa suka haɗu daidai fuskar ƙasa. Ganye na iya bushewa, saiwa na iya raguwa, amma muddin gindin nan na da rai ciyawa za ta sake tohowa. Kafin hunturu ya shigo, yayin da rana ke gajarta kuma iska ke sanyaya sannu a hankali, ciyawar tana tara sukari a gindin, tana rage ruwan jikinta. Wannan shiri shi ke ba ta ikon jure sanyin da ya yi ƙasa da sifili sosai. Dusar ƙanƙara busasshiya ma taimakonta take yi, domin tana kare ta daga iska da sauye-sauyen yanayi. Ɓarnar tana farawa ne daga ruwa.

Ruwa yana kisa ta hanya biyu. Ta farko ita ce idan aka sami ɗumi na kwana biyu ko uku a tsakiyar hunturu ko ƙarshensa. Ciyawa takan ɗauka lokacin tashi ya yi, ta fara shan ruwan da ya kwanta a gindinta. Idan sanyi ya dawo farat ɗaya cikin dare, ƙanƙara takan haɗu a tsakanin ƙwayoyin jikin gindin, ta zuƙe ruwan cikinsu, ta yayyaga fatarsu. Dare ɗaya ya isa. Ta biyu kuwa a hankali take aiki: ƙanƙara mai tauri, wadda ake ganin ƙasa ta cikinta, ta rufe farfajiya ruf. Ciyawa da ƙananan halittun da ke cikin ƙasa ba su daina numfashi ba, sai su cinye iskar oksijin da ta rage, gurɓatacciyar iska ta taru. Daga nan ciyawar ta koma ƙona sukarinta ba tare da oksijin ba, hanyar da ke cinye ajiya da sauri kuma take haifar da sinadarai masu guba. Warin nan da ake ji daga nan yake fitowa. Ban da waɗannan akwai bushewa, a wuraren da babu dusar ƙanƙara kuma iska ke kaɗawa a kan daskararriyar ƙasa, akwai kuma fumfunar da ke yaɗuwa a ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Fumfuna tana da sauƙi, domin galibi ganye take ci ta bar gindi, kuma ana fesa maganinta kafin hunturu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan lamari shi ne ciyawa biyu da ke zaune a farfajiya ɗaya amma ƙarfinsu ya bambanta ƙwarai. Ɗaya ita ce bentgiras mai yaɗo, wadda ita ake shukawa da gangan. Ɗayar kuwa Poa annua ce, wadda ba wanda ya gayyace ta. Tana shigowa da kanta a takalma da ƙafafun injuna, ta sami gurbi a duk inda bentgiras ta yi rauni, musamman wurin inuwa da damshi da inda ƙasa ta danne. Cikin shekaru sai ta mamaye tsoffin farfajiyoyi. Ba a raina ta, domin idan ta daɗe a wuri takan yi laushi da kauri, kuma shahararrun filaye kamar Oakmont da Pebble Beach a kanta ake wasa. Rauninta hunturu ne. Tun shekarun 1960 masanin ciyawa James Beard ya yi bincike a Jami'ar Jihar Mishigan kan yadda ciyayi ke jure zama ƙarƙashin ƙanƙara, kuma binciken da aka yi daga baya a Kwalejin Olds ta lardin Albata ya ƙarfafa abin da ya gano. Ƙiyasin da masu aikin ke riƙe da shi shi ne Poa na fara mutuwa tsakanin kwana 45 zuwa 90, bentgiras kuwa tana kai kwana 90 zuwa 120, wani lokaci fiye. Poa ce kuma mai saurin ruɗuwa da ɗumin tsakiyar hunturu. Shi ya sa a 2014 aka riƙa ganin farfajiya ɗaya da tsibiran kore a tsakiyar mataccen wuri: koren bentgiras ce, mataccen Poa.

Aikin farfaɗowa yana farawa tun ƙanƙara ba ta tafi ba. Mai kula da fili mai hankali yakan fasa ƙanƙara a wurare daban-daban, ya yanko ɗan curin ƙasa da ciyawarsa, ya kai ɗaki mai ɗumi da haske, ya riƙa ba shi ruwa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai ga ko akwai toho. Wannan ɗan gwaji ba ya cin kuɗi, amma shi ke ba shi damar sayen iri da mayafai kafin kasuwa ta cika da masu nema, shi ke kuma ba shi hujjar da zai nuna wa masu filin cewa a shirya, bana ba za a buɗe da wuri ba.

Batun fasa ƙanƙarar kanta yana da sarƙaƙiya, kuma masu aikin ba su zama baki ɗaya a kai ba. Wasu suna kwashe dusar ƙanƙarar da ke sama, su barbaɗa baƙin yashi ko wani abu mai duhu domin ya jawo zafin rana ya huda ƙanƙarar. Wasu suna bi da injin huda ƙasa su farfasa ta. Duk hanyar da aka bi da haɗarinta. Ƙarfe na iya raunata gindin ciyawa. Ruwan da ya narke da rana, idan ba shi da mafita, zai sake daskarewa da dare ya yi irin kisan da ake gudu. Ciyawar da ta galabaita a ƙarƙashin ƙanƙara kuma, idan aka yaye mata rufi aka bar ta ga iska mai tsananin sanyi, ba ta da sauran ƙarfin jurewa. Mutum yana ƙirga kwanakin da ƙanƙara ta yi, yana duba hasashen yanayi, sannan ya yanke shawarar da ba shi da tabbacin sakamakonta. A ganina duk wanda zai zargi mai kula da fili kan wannan shawara ya kamata ya fara sanin cewa kowane ɓangare ya zaɓa yana iya yin asara.

Idan ƙasa ta bayyana kuma aka tabbatar da mutuwa, sai a shiga matsalar da kuɗi ba sa magancewa, wato sanyin ƙasa. Irin bentgiras ba ya tsira yadda ya kamata sai ɗumin ƙasa ya haura digiri 10 a ma'aunin Salshiyos, kuma ya fi son digiri 15 zuwa sama. A Afrilu a Mishigan ko Ontariyo rana na iya fitowa, 'yan wasa su fito da sandunansu, alhali ƙasar har yanzu tana da sanyi. Ana iya zuba iri tun da wuri, kamar yadda manomi ke yin binne kafin ruwan fari ya sauka, iri ya zauna yana jira. Amma ba zai motsa ba sai ƙasa ta yarda. Dabarar da aka fi dogara da ita ita ce a rufe farfajiya da mayafi mai shan iska, wanda ke riƙe ɗumin rana da damshi ya ɗaga zafin ƙasa da 'yan digiri. Waɗannan 'yan digiri suna iya rage kwanaki masu yawa na jira. Sai dai mayafin yana son hannu: a yaye shi idan rana ta yi zafi don kada ya dafa tsiron, a mayar idan dare zai yi sanyi, wani lokaci kullum, a duk farfajiyoyi goma sha takwas da cikakken fili ke da su. Tsiron da ya saba da ɗumin mayafi kuma ba a cire masa shi rana ɗaya.

Irin kansa ƙanana ne ƙwarai, kilo ɗaya na ɗauke da ƙwaya fiye da miliyan 10. Idan aka watsa shi a saman matacciyar ciyawa zai maƙale a cikin bushasshen ganye ya mutu bai taɓa ƙasa ba. Dole a tsattsaga fuskar farfajiya ko a huhhuda ta da ƙananan ramuka, a zuba iri kamar giram 5 zuwa 10 a kowace murabba'in mita, a bi da yashi kaɗan, a danne. Ba a kankare matacciyar ciyawar duka, domin tana riƙe damshi tana kuma kare tsiro daga iska. Da yawa suna maimaita shukar sau biyu ko uku, suna sauya fuskar da injin ke bi, domin tsiro yana fitowa ne a layi-layi, kuma cike tsakanin layukan shi ke cin lokaci.

Sai ban ruwa. Tsiron da bai yi saiwa ba yana iya mutuwa cikin yini ɗaya na rana da busasshiyar iska, ko da yanayin da sanyi-sanyi. Ana ba shi ruwa kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, kuma a farkon Afrilu sau da yawa ba a ma kunna bututun ban ruwan filin ba don tsoron daskarewa, sai a ɗauko da tanki. Taki ma haka: ɗan fosfaras lokacin shuka domin saiwa, sannan naitirojin kaɗan-kaɗan a kai a kai bayan tsiro ya fito. Wanda ya zuba taki mai yawa a ƙasa mai sanyi don neman sauri asarar takin kawai ya yi, ko kuma ya sami ganye mai laushi da cuta za ta kama da zarar zafi ya shigo. Injin aski kuma ana ɗaga bakinsa sama, a sa masa abin gangara mai santsi wanda ba zai tumɓuke tsiro ba, a riƙa saukar da shi sannu-sannu. Maganin hana tsiron ciyawar banza da aka saba fesawa a farkon shekara, wannan karon ba a kusantar da shi, domin ba ya bambanta irin da ake so da wanda ba a so. Inda mataccen wurin ƙarami ne akan ɗebo rayayyun curi daga gandun renon filin ko daga gefen farfajiya a dasa. Inda ya yi faɗi akan sayo ciyawar shimfiɗa, wato wadda aka yanko falle-falle da ƙasarta daga gona, amma ita ma tana zuwa da ƙasar gonar da aka reno ta, wadda ba lallai ta dace da yashin farfajiya ba, kuma kan ɗauki shekaru ana huda ta kafin su saje.

Duk wannan ilimi ne sananne. Hukumar golf ta Amurka, USGA, tana da sashen kula da ciyawa tun 1920, kuma ita da jami'o'in yankin sun daɗe suna maimaita shi. Inda aikin ya fi lalacewa shi ne wajen mutane. A waɗannan ƙasashe lokacin wasa gajere ne, daga Afrilu zuwa Oktoba. Kowane mako da farfajiya ta yi a rufe kuɗin shiga ne ya tafi, 'yan ƙungiya da suka biya kuɗin shekara suna ƙorafi, masu filin suna duban maƙwabcin da ya riga ya buɗe. Da kore ya fara bayyana sai matsin lamba ya tashi. Amma koren da ido ke hangowa daga nesa tsiro ne mai ganye biyu ko uku, wanda takalmi ɗaya ke iya murƙushewa, kuma a kowace farfajiya ƙafafun kowa a kewayen rami suke taruwa. Sauri ya haifi nawa: farfajiyar da aka buɗe mako biyu kafin lokacinta tana iya shiga zafin Yuli da rauni, ta sake mutuwa, a koma shuka a Agusta. Mafita ita ce a aske wani wuri a gaban farfajiya a haƙa rami na wucin gadi. 'Yan wasa sun tsani wannan, kuma ina fahimtar dalilinsu, amma ni ina tare da mai kula da filin da ya dage a kai. Mafi yawan abin da ke taimakonsa shi ne ya riƙa nuna wa mutane halin da ake ciki, da hotuna da curin gwaji da ma'aunin zafin ƙasa, tun kafin su fara tambaya.

Akwai kuma wata tambaya da ta fi wannan nauyi, wadda ake yawan tsallakewa cikin gaggawa: wace ciyawa ake so ta dawo? Poa tana zubar da iri mai ɗimbin yawa, kuma ƙasar tsohuwar farfajiya cike take da shi. Irinta yana tsira a ƙasa mai sanyin da bentgiras ba ta iya motsi a ciki. Saboda haka ko an zuba irin bentgiras, sau da yawa Poa ce ke riga ta cike gurbin. Ga wanda ke son buɗe fili da wuri wannan alheri ne, farfajiya ta yi kore, wasa ya dawo. Amma abin da ya dawo shi ne ainihin abin da ya mutu, a kwari ɗaya da ruwa ke kwanciya, ƙarƙashin inuwa ɗaya. Hunturu irin wancan na sake zuwa, za a sake kwasar asara iri ɗaya.

Filin St. George's na Toronto, wanda ya karɓi babbar gasar golf ta Kanada (Canadian Open) ta 2010, yana cikin waɗanda suka zaɓi hanya mai tsawo. Bayan ɓarnar 2014 sun rufe suka sake gina farfajiyoyinsu gaba ɗaya, tare da masu zanen fili Tom Doak da Ian Andrew, suka shuka bentgiras. Gasar ta koma can a 2022. Ba kowane fili ke da aljihun yin haka ba, kuma ba daidai ba ne a auna ƙaramin filin gari da ma'aunin ƙungiyar masu hali. Amma akwai gyare-gyaren da ba su kai wannan tsada ba. Shekara da shekaru ana barbaɗa yashi, gefen farfajiya yakan yi tudu ya zama kamar madatsa ya hana ruwan narkewa fita. Ana iya yaye ciyawar wurin a rage tudun a mayar. Wasu kafin hunturu sukan yanke siririn layin ciyawa daga kwarin farfajiya zuwa waje domin ruwa ya sami hanya. Sai bishiyoyin da ke gefen kudu da gabas, waɗanda ke tare ranar safe: inuwarsu tana hana ciyawa tara sukari kafin hunturu, tana riƙe ƙanƙara ta daɗe, tana jinkirta ɗumamar ƙasa lokacin shuka, tana kuma fifita Poa a kan bentgiras. 'Yan ƙungiya kan ƙi a sare bishiya, amma shekarar da aka yi asara ita ce shekarar da suka fi sauraron hujja.

A kudancin Amurka labarin ya sha bamban. Can ciyawar Bamuda ake amfani da ita, dangin kiri-kirin da muka sani, ciyawar ƙasar zafi wadda sanyi kai tsaye ke kashewa. Sanyin Janairu 2018 ya yi ɓarna a farfajiyoyin jihohin Karolina, haka na Fabrairu 2021 a Teksas da Oklahoma, lokacin da ma'auni ya sauka zuwa kusan digiri 19 ƙasa da sifili a yankin Dalas. Nau'o'in da ake sawa a farfajiya, irin su TifEagle da Champion da MiniVerde, ba sa yin irin da za a shuka. Sai dai a watsa gutsattsarin jijiyoyinsu a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma wannan ba ya yiwuwa sai zafi ya kankama a ƙarshen Mayu ko Yuni, sannan a jira wajen wata biyu. Ga shi kuma sanyin da ya kashe na fili sau da yawa ya taɓa gonakin da ake sayowa daga cikinsu. Rigakafin can shi ne rufe farfajiya da mayafi idan an yi hasashen sanyi zai sauka ƙasa da kamar digiri 4 ƙasa da sifili, da tabbatar da cewa ƙasa ba ta bushe ba. Don dogayen hanyoyi kuma Jami'ar Jihar Oklahoma ta fitar da nau'o'i masu jure sanyi kamar Latitude 36 da Tahoma 31.

Abin da ke damun masu bincike yanzu shi ne ɗumamar yanayi ba ta kawo sauƙi a wannan fanni ba. Hunturun da ke yawan sauyawa tsakanin narkewa da daskarewa, mai ruwan sama a Janairu maimakon dusar ƙanƙara, shi ne ainihin yanayin da ke haifar da ƙanƙara mai tauri da ruɗewar ciyawa. A ƙasashen arewacin Turai gidauniyar binciken ciyawa ta STERF da cibiyar bincike ta NIBIO ta Nowe sun gwada shimfiɗa leda a kan farfajiya kafin hunturu domin hana ruwa isa ga gindin ciyawa, tare da barin hanyar shigar iska a ƙarƙashinta. A Amurka kuma Jami'ar Minesota tana jagorantar shirin WinterTurf, wanda ma'aikatar noma ta ƙasar ta ba tallafi a 2021. Suna binne na'urori a farfajiyoyin filaye masu yawa domin auna zafin ƙasa da damshi da yawan oksijin a ƙarƙashin ƙanƙara duk tsawon hunturu. Manufar ita ce mai kula da fili ya daina dogara da ƙirgen kwanaki kawai, ya ga a wayarsa ranar da iskar farfajiyarsa ta fara ƙarewa, ya san ko lokacin fasa ƙanƙara ya yi ko a ƙara jira.